Gishiri da Maƙoƙo a Tarihin Arewacin Zamfara

Masana tarihin kasuwanci sun daɗe suna bayani a kan gishiri a matsayin hajar fatauci, amma ba safai sukan waiwayi abin da ke cikin gishirin ba. Ga mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗannan al'amura biyu a haɗe suke, domin daga nan ne za a fahimci tarihin maƙoƙo, watau kumburin nan da kan fito a gaban wuya.

Asalin maƙoƙo mafi yawa shi ne ƙarancin sinadarin aidin, wanda baligi ke bukatar maikirogiram 150 nasa kowace rana, mai juna biyu kuwa 250. Teku ce babbar ma'ajiyarsa. Ƙasashen da ke nesa da ita, waɗanda ruwan sama ya daɗe yana wanke turɓayarsu, amfanin gonarsu kan taso da ƙarancinsa. Har ila yau, binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya nuna cewa gero, wanda shi ne cimar Zamfarawa, yana ɗauke da wasu sinadarai masu hana jiki cin moriyar aidin sosai.

A ƙarni na 19, ayarin Abzinawa ne ke kawo kantu da beza daga Bilma zuwa ƙasar Hausa, wani gishirin kuma ya fito daga kwarin Foga ta yamma. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, sai gishirin Ingila ya riƙa zuwa a buhu, gyaɗa da auduga na tafiya kudu. Hanya ta sake, farashi ya sake, amma babu ɗayan gishirin nan da aka yi wa ƙarin aidin.

Alhali kuwa tuni an san maganin. Bernard Courtois ya gano aidin a Faransa a 1811, Suwizalan ta fara zuba shi a gishiri a 1922, Amurka ta bi sawu a 1924. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta shimfiɗa irin wannan tsari a Nijeriya ba. Sai bayan taron shugabannin duniya kan yara na 1990 aka ɗaura ɗamara. Binciken ƙasa na 1993, lokacin da yankin nan yake cikin Jihar Sakkwato, ya nuna maƙoƙo ya kai kashi 20 cikin 100. A shekarar ce aka wajabta zuba aidin a gishirin ci, kuma zuwa 2005 Nijeriya ta zama ta farko a Afirka da aka shaida ta cim ma wannan buri.

Sai dai nasarar ta dogara ne ga kasuwa. Aidin kan gushe idan gishiri ya daɗe a buɗe cikin rana da laima, kuma rufe kasuwannin mako da aka yi a Zamfara a 2021 saboda 'yan bindiga ya nuna yadda hanyar kaya kan yanke. Babbar hasara kuwa ba a wuya take ba: uwar da ta rasa aidin tana iya haihuwar ɗa mai raunin ƙwaƙwalwa, kuma wannan rauni ba ya gyaruwa bayan haihuwa.