Ibn Nafis da Hanyar Jini ta Huhu

Ala'uddin Ali ibn Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibn Nafis, likita ne kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya. An haife shi a yankin Dimashƙa wajen shekarar 1213, ya koyi likitanci a asibitin Nuri da ke birnin, daga baya ya koma Alƙahira inda ya zama jagoran likitocin Masar har rasuwarsa a 1288. Shi ne mutum na farko da aka sani ya bayyana daidai yadda jini ke bi ta huhu kafin ya isa ɓangaren hagu na zuciya.

Kafin zamaninsa, maganar Jalinusu, likitan nan na daular Rum da ya rayu a ƙarni na biyu, ita ce abin riƙo. Jalinusu ya ce bangon da ya raba manyan ɗakunan zuciya biyu yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ta nan jini ke tsiyaya daga dama zuwa hagu. Shekara dubu ana karantar da haka, har Ibn Sina bai kauce masa ba.

A sharhin da ya yi wa sassan littafin Alƙanun na Ibn Sina masu magana kan ƙirar jiki, wajen 1242, Ibn Nafis ya ce sam ba haka ba ne. Bangon nan mai kauri ne, ba shi da rami, na fili ko na ɓoye. Jinin ɗakin dama sai ya hau jijiya ya tafi huhu, ya bazu a cikinsa, ya gauraya da iska, sannan ya sauko ta wata jijiyar zuwa ɗakin hagu. Ya ƙara da cewa dole akwai 'yan mashigai tsakanin jijiyoyin biyu a cikin huhu, abin da Malpighi ya gani da madubin ƙara girma a 1661. Ya kuma ƙi yarda da Ibn Sina cewa ɗakunan uku ne, ya ce biyu ne. Duk wannan daga mutumin da ya rubuta cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa, shi ya sa masana tarihi ke ta muhawara kan yadda ya kai ga ganewa.

Sai dai ba wannan ne ya ɗaukaka sunansa ba. Ɗalibai sun fi rungumar Mujaz, taƙaitaccen Alƙanun da ya yi, don ya fi sauƙin hadda da amfani a gaban majinyaci. Batun huhu kuwa ya kwanta. A Turai, Servetus ya zo da irin bayanin a 1553, Colombo a 1559, sannan William Harvey na Ingila ya fayyace zagayawar jini a jiki gaba ɗaya a 1628, yabo ya tafi can.

A 1924 wani likita Bamasare, Muhyiddin al-Tatawi, da ke karatu a Jamus, ya ci karo da kwafin sharhin a ɗakin karatu na Balin, ya gina kundin digirinsa a kansa a Jami'ar Freiburg. Max Meyerhof, likitan ido mazaunin Alƙahira, ya bi diddigin rubutun ya buga shi da fassara a shekarun 1930.

Babban aikin da Ibn Nafis ya sa a gaba shi ne Asshamil, kundin likitanci da ya tsara zai kai mujalladi 300, ya kammala 80. Gidansa da littattafansa ya yi waƙafinsu ga asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira.