Fursunan Lokabi da Rijiyoyin Man Libiya

Jama'a, yau za mu waiwayi wani al'amari da ya tayar da ƙura a shekarar 2009, wato sakin Abdulbasiɗ al-Megrahi daga kurkukun Sikotland, da zargin cewa man fetur ne ya buɗe masa ƙofa.

Asalin maganar yana komawa ga daren 21 ga Disamba 1988, lokacin da bam ya tarwatsa jirgin Pan Am mai lamba 103 a sararin garin Lokabi, yana kan hanyarsa daga Landan zuwa Amurka. Mutum 259 da ke cikinsa suka halaka, tarkacensa kuma ya kashe wasu 11 a gidajensu. A 1991 aka tuhumi 'yan Libiya biyu. Gaddafi ya ƙi miƙa su, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa ƙasarsa takunkumi, aka yi ta ja-in-ja har 1999, sa'ad da Nelson Mandela da Saudiyya suka shiga tsakani. Alƙalan Sikotland uku suka zauna a ƙasar Holan, ranar 31 ga Janairu 2001 suka yanke wa Megrahi ɗaurin rai da rai, suka sallami abokin tuhumarsa.

Mu a wannan yanki mun san irin wannan masifa. A watan Satumba 1989 jirgin UTA da ya tashi daga Injamena ya tarwatse a hamadar Tenere ta Nijar, da rayuka 170. Libiya ta yarda ta biya diyyar dala miliyan goma kan kowane mamacin Lokabi a 2003, amma na Tenere, da aka daidaita a 2004, dala miliyan ɗaya aka yanka wa kowane rai.

Bayan diyya sai aka shiga sulhu. A ƙarshen 2003 Gaddafi ya yi watsi da shirinsa na makaman ƙare-dangi, a 2004 kuma Firayim Ministan Birtaniya Tony Blair ya ziyarce shi a tantinsa. Blair ya sake komawa a ƙarshen Mayu 2007, suka gana a Sirte, aka amince za a ƙulla yarjejeniyar musayar fursunoni. A wannan ziyara ce kamfanin BP ya sa hannu a kan kwangilar neman mai da iskar gas ta kimanin dala miliyan 900. Kowa ya san fursuna ɗaya ne Gaddafi yake so ya ga ya dawo gida.

Sai dai Megrahi yana hannun Sikotland ne, ita kuwa tana da dokokinta da ministan shari'arta. Gwamnatin Alex Salmond, wadda ta hau mulki a wannan wata, ta ce a cire sunan Megrahi daga yarjejeniyar. Jack Straw, ministan shari'a na Birtaniya, da fari ya amince da haka. Libiya ta turje, ta kuma jinkirta tabbatar da kwangilar BP. A watan Disamba 2007 Straw ya rubuta wa takwaransa na Sikotland cewa ya janye wannan sharaɗi saboda manyan maslahohin ƙasa. Ba a jima ba Libiya ta tabbatar da kwangilar.

A nan ne batun haɗa amana da riba ya fito fili. Sir Mark Allen babban jami'i ne a hukumar leƙen asirin Birtaniya, yana cikin waɗanda suka yi tattaunawar sirri da mutanen Gaddafi a 2003. Da ya ajiye aiki a 2004 sai ya zama mai ba BP shawara, ya tafi da duk sanayyar da ya samu a bakin aikin gwamnati. A ƙarshen 2007 ya buga wa Straw waya sau biyu. BP da kansa ya amsa cewa ya nuna wa gwamnati damuwarsa kan jinkirin yarjejeniyar, amma ya musanta cewa ya nemi a saki Megrahi. Straw ma, a wata hira da jarida a Satumba 2009, ya amsa cewa ciniki da mai sun yi tasiri ƙwarai a shawarar da ya yanke. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ko da mutumin kirki ne, domin zuciya tana karkata wajen da ribarta take.

Duk da haka, ba ta hanyar yarjejeniyar aka sake shi ba. A 2008 likitoci suka gano yana da ciwon daji. Libiya ta nemi a miƙa mata shi a Mayu 2009. Kenny MacAskill, ministan shari'a na Sikotland, ya ƙi wannan buƙata, amma ranar 20 ga Agusta ya sallame shi bisa jinƙai, da hujjar cewa rahoton likita ya nuna kwanakinsa ba za su wuce wata uku ba. Megrahi ya sauka a Tarabulus tare da Saiful Islam ɗan Gaddafi, jama'a na ta kaɗa tutoci. Shugaba Obama ya ce an yi kuskure. Mutumin da aka ƙiyasta wa wata uku ya rayu har 20 ga Mayu 2012, bayan Gaddafi kansa ya riga shi barin duniya. Rai na hannun Allah, amma wannan jinkiri ya ƙara wa masu zargi ƙarfi.

A 2010, bayan malalar man BP a gaɓar tekun Amurka, wasu sanatocin ƙasar suka taso da maganar, suka gayyaci MacAskill da Straw, duka biyu suka ƙi zuwa. A Fabrairu 2011 Sir Gus O'Donnell, shugaban ma'aikatan gwamnatin Birtaniya, ya bincika takardu. Bai sami shaidar cewa gwamnatin Landan ko BP sun matsa wa Sikotland ba, amma ya tabbatar cewa manufar gwamnatin ita ce ta yi duk abin da za ta iya don sauƙaƙa wa Libiya neman sakin. Ke nan babu wanda aka kama da cin hanci, babu kuma wanda ya fita fes daga shubuha.

A ganinmu babbar asara tana wani wuri dabam. Tun Yuni 2007 hukumar da ke sake duba hukunce-hukunce a Sikotland ta ce mai yiwuwa an yi kuskure a shari'ar, ta ba Megrahi damar ɗaukaka ƙara karo na biyu. Yarjejeniyar musaya kuwa ba ta aiki sai in babu shari'a a gaban kotu. Kwana biyu kafin a sake shi kotu ta karɓi janyewar ƙararsa. Iyalan da suka gaskata cewa shi ne ya kashe musu 'ya'ya suka ga an sake shi bayan shekara takwas da hukunci. Waɗanda kuma suke shakka, irin su Dokta Jim Swire da ya rasa 'yarsa a jirgin, suka rasa zaman kotun da suke fatan zai warware musu zare da abawa. Daga baya iyalan Megrahi sun sake ɗaukaka ƙara, kotu ta yi watsi da ita a 2021, mai ƙarar yana kabari.

Mu da muke zaune a matsayin tsiraru, sau da yawa ta bakin wakili muke magana da hukuma, ko a belin ɗanmu da aka tsare, ko a rikicin fili da kasuwa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Saboda haka kafin mu aiki mutum, ya kamata mu san ko yana da wata harka da wanda muka aike shi gare shi, in kuwa yana da ita, ya faɗa a gaban dattawa tun kafin ya tashi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana.