Baladi, Baƙin Inabin Tuddan Yahudiya

Yawancinmu mun san kurangar inabi a Littafi Mai Tsarki kaɗai, ba mu taɓa noma ta ba. Yau za mu duba tarihin wani iri da ake kira Baladi, wato “na gida” da Larabci. 'Ya'yansa baƙaƙe ne, ruwansa kuwa ja.

Ana noma shi a tuddai tsakanin Baitalami da Hebron. A wannan yanki ne Kwarin Eshkol yake, inda 'yan leƙen asiri da Musa ya aika suka yanko nonon inabi, kamar yadda Littafin Ƙidaya sura 13 ya nuna. Hebron tana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 900, ƙasarta mai farin dutse ce. Manoma sukan jera duwatsu a gangaren tudu domin kada ruwa ya kwashe ƙasa. A can ruwan sama yakan zo da sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da muke rani. Bayan haka sai watanni su wuce ba ɗigo. Kurangar takan zura saiwa can ƙasa ta sha laimar da ta ɓuya. Zafin rana yana sa 'ya'yan zaƙi, sanyin dare yana riƙe musu ɗan tsami. Ana girbi wajen Agusta da Satumba.

Bayan da ƙasar ta shiga mulkin Musulmi a ƙarni na 7, yin ruwan inabi ya ragu a hankali. Amma manoma ba su tumɓuke kurangunsu ba. Suka ci gaba da cin 'ya'yan, suna shanya wasu, suna dafa ruwan ya yi kauri kamar zuma. Ta haka irin gida ya tsira.

Bayan 1880, Edmond de Rothschild ya sa aka kawo iri daga Faransa, masu yin ruwan inabi suka raja'a a kansu, aka raina na gida. A Kremisan kusa da Baitalami, inda limaman Katolika suke matse inabi tun 1885, aka waiwayi tsofaffin irin wajen 2008, aka yi jan ruwan inabi da Baladi.

'Yan'uwa, ku lura da waɗanda suka riƙe wannan iri: talakawan manoma ne, uba yana yankar wa ɗansa reshe ya dasa. Da sun yar da shi, da masu nemansa ba su tarar da kome ba.