Daga Kuɗin Wuri Zuwa Jirgin Sama: Tarihin Shaƙuwar Hausawa da Ƙasar Indiya

Sinkase gari ne na kan iyaka a ƙurewar arewacin Togo. Nan ne babban titin da ya taso daga gaɓar teku a Lome, ya ratsa Sokode da Kara da Mango da Dapaong, yake faɗawa Burkina Faso, ga kuma Pusiga da Bawku na ƙasar Gana a maƙwabta. Wanda ya zaga kasuwar garin ba zai rasa ganin hannun Indiya ba: babura ƙirar Bajaj da TVS, buhunan shinkafa, kwalayen magani, da wayoyin samarin zango cike da finafinan Indiya da aka fassara da Hausa. Wannan shaƙuwa kuwa ta girmi babur da waya da ɗaruruwan shekaru.

A ƙarni na 19, ayarin fataken goro kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Wasu su bi ta Gurma su yada zango a Sansanin Mango, wasu su bi ta Jugu da ƙasar Kotokoli, inda Sokode take a yau. Kuɗin da madugu yake biyan fito da shi, kuma ake ƙirga ƙwaryar goro da shi, wuri ne. Asalin wannan wuri daga tsibiran Maldibs yake, kudu maso yammacin Indiya, inda ake tsamo shi daga teku a shanya, a yi lodinsa zuwa Bengal da Yaman. Da farko ta hamada ya riƙa iso mana, daga baya jiragen Turawa suka riƙa jibge shi a gaɓar Wida da Ikko. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala ɗaya ta azurfa. Sadaki da haraji da kuɗin cefanen kakanninmu duk daga tekun Indiya suka fito.

Akwai matafiyin da ya ga bakin zaren nan biyu da idonsa, wato Ibn Battuta, mutumin Tanja ta Maroko. Ya isa Delhi a 1334, Sarki Muhammad bin Tugluƙ ya naɗa shi alƙali, ya shekara da yawa a fadarsa kafin ya gangara Maldibs. Can ya tarar ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya. Da ya zo ƙasar Mali a 1352, sai ya iske dinarin nan bai wuce wuri 1,150 ba. A Takadda, kusa da Agadas, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfe. Ke nan littafi guda ya haɗa fadar Delhi da ƙasar Hausa tun ƙarni na 14.

Hausawan da suka fara taka ƙasar Indiya da yawan gaske sojoji ne. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta kwashi dubun-dubatar samari daga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya domin yaƙar Japan a Bama. Runduna ta 81 ta sauka a Bombay a 1943, ta 82 ta biyo baya a 1944. Da Hausa yawancinsu suke magana a bariki, har waɗanda aka ɗebo daga arewacin Gana. Sun ratsa faɗin Indiya a jirgin ƙasa, sun sha wuya a dazuzzukan Kaladan da Arakan, sun ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945. Da yawa ba su dawo ba, Allah Ya ji ƙansu. Waɗanda suka dawo sun zo da labarin ƙasar da masallatanta suka fi fadar sarki girma, da kuma labarin mutanen da ke fafutukar korar Bature, abin da ya tabbata a 1947. Sunayen barikin Chindit a Zariya, da Arakan a Legas, da Burma Camp a Akara, duk shaidar wannan tafiya ce.

Bayan soja sai silima. Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen kallo na Kano da Jos da Kaduna, kuma ba a daɗe ba suka danne na Amurka. Fim ɗin Mother India na 1957, wanda Nargis ta fito a matsayin uwa mai haƙuri da talauci da zaluncin mai ba da bashi, an yi shekara da shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba. Masu kallo ba su jin harshen, amma sun gane gidan: ga biyayya ga iyaye, ga auren dole, ga kunyar surukai, ga lalle da gyale da taron biki. Har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasan, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya suka ɗora begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan karin waƙoƙin finafinan. Masana'antar fim ta Kano da ta soma da Turmin Danya a 1990 ta sha nonon wannan salo, har ga shi a 2022 Rahama Sadau ta fito a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz kashi na biyu.

Yau tafiyar ta zama ta kwana ɗaya a jirgi. Masu jinya suna zuwa Delhi da Chennai da Haidarabad, ɗalibai suna Bangalor, 'yan kasuwa suna sarin yadi a Surat. Ɗanyen kashun da manoman Sokode da Camba suke nomawa, kaso mai yawa can ake kai shi a ɓare. Indiya ma ta buɗe ofishin jakadancinta a Lome. Abin da ke damuna shi ne, yawancinmu daga filin jirgi sai asibiti ko kanti, daga nan sai gida, alhali gani ya kori ji.

Abin gani kuwa ba ya ƙirguwa. A Delhi akwai hasumiyar Ƙutub Minar mai tsawon fiye da mita 72, wadda Ibn Battuta ya tsaya a gindinta ya yi mamaki, da babban masallacin Juma'a da Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656. A Agra akwai Taj Mahal, wanda sarkin ya fara ginawa a 1632 saboda matarsa Mumtaz da ta rasu wajen haihuwa. A Ajmer akwai hubbaren Shehu Mu'inuddin Chishti, wanda ya rasu a 1236. Ɗan Afirka kuma yana da nasa gadon a can. Malik Ambar, yaron Habasha da aka sayar a matsayin bawa, ya zama mai juya daular Ahmadnagar, ya gagari sarakunan Mughal, Akbar da Jahangir, ya kafa birnin da ya zama Aurangabad, ya rasu a 1626. Masallacin Sidi Sayyid na Ahmadabad, mai tagogin dutse da aka sassaƙa da siffar rassan itace, wani Bahabashe ne ya gina shi wajen 1573. Jikokin irin waɗannan mutane, da ake kira Siddi, suna nan a Gujarat da Karnataka.

Ba duk abin da fim ya nuna ne gaskiya ba. Akwai cunkoso da talauci, akwai inda baƙar fata kan gamu da raini, akwai kuma tsamin dangantaka tsakanin mabiya Hindu da Musulmi, Musulmin da ƙidayar 2011 ta ce sun kai miliyan 172. Wannan ma ilimi ne da sai an je ake samu.

Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano kuma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Ina kira ga ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da masu rakiyar marasa lafiya, daga zangon Sinkase har Kano: in Allah Ya kai ku Indiya, ku ware kwana biyu ku ziyarci waɗannan wurare, ku tambayi tarihinsu, ku rubuta mana abin da kuka gani da Hausa domin na baya su ƙaru.