Giyar Biki da Idon Yara a Kudancin Katsina

Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tana kudu maso yamma da birnin Katsina, ta yi iyaka da Zamfara daga yamma, ta kuma gangara kudu har ta taɓa ƙasar Birnin Gwari. Ƙasa ce mai duwatsu da dazuzzuka, ruwan sama kuwa ya fi na arewacin Katsina yawa, saboda haka dawa takan yi kyau ƙwarai. Tun zamanin da, mutane iri biyu ke zaune a cikinta, harshensu ɗaya, kamanninsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Akwai Musulmi, waɗanda suka fi yawa a cikin garuruwa, akwai kuma Maguzawa, watau Hausawan da suka riƙe al'adun kakanninsu, suna zaune a manyan gidajen gona nesa da gari. In ana son a rarrabe bikin auren waɗannan da na waɗancan, ba sai an yi dogon bincike ba. A ɗaurin auren Musulmi goro ake rabawa. A bikin Bamaguje kuwa, in babu randunan giya, to, ba a yi biki ba.

Dafa giya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Ko a littafin Tarihin Kano, inda aka lissafa manyan mutanen Barbushe, an ambaci mai dafa giya tare da maƙeri da mai magani. Aikin kuwa na mata ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Sai a jiƙa dawa, a baza ta a rufe da ganye har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa, a tace, a sake dafawa, sa'an nan a bar ta ta kwana ta tashi. Daga jiƙo zuwa sha yakan ci kusan mako guda. Ga wani abu kuma, giyar dawa ba ta ajiyuwa. In ta nuna yau, bayan kwana ɗaya ko biyu ta yi tsami ta lalace. Don haka ba abin da mutum zai ɓoye a ɗaka yana kurɓa shi kaɗai ba ne, tilas a tara jama'a a shanye. Wannan shi ya ɗaure ta da gayya, da bikin mutuwa, da bikin aure. Saurayin da ke neman aure yakan kai gayya gonar surukinsa, masu gayya kuwa ladansu tuwo da giya. Ranar biki kuma girman mai gida yana ga yawan damman dawar da ya fitar daga rumbu aka dafa.

To, ina yara a cikin wannan sha'ani? Suna nan tsundum. Gidan Bamaguje babba yakan tara mutum da ƙannensa da 'ya'yansa da matansu duka a gandu ɗaya, ba kulle, ba wani ɗakin da za a ce a kai yara a rufe. 'Yan mata su ke ɗebo ruwa, su ke tsaron tsiro kada kaji su cinye, yara maza su ke kawo itace. Yarinya tun ba ta isa aure ba ta san yadda ake yi, don sana'ar da za ta riƙe kanta da ita ke nan a gidan miji. Abin da ya tsare yara shi ne tsarin girma. Dattijai su ke zama kusa da randa, a fara miƙa wa babba, sa'an nan na bayansa, sa'an nan samari. Yaro ba shi da mazauni a wannan da'ira, nasa shi ne tuwo da nama da filin rawa. Kada mai karatu ya ɗauka wai tsarin ba shi da ɓaraka. In rana ta yi sanyi, kawuna suka yi zafi, akan yi zage-zage, akan tono tsohuwar gaba, wani lokaci har a kai ga sanda, duk kuwa a gaban yaran nan. Amma dai kowane yaro ya san mai shan nan kawunsa ne ko kakansa, ya kuma san gobe da sassafe zai gan shi a gona da fartanya.

Malaman Musulunci sun daɗe da lura da wannan al'amari, kuma abin mamaki, ta wajen yara suka dube shi. Wajen shekarar 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wasiƙa a kan hana ɓarna. A ciki bai umurci Sarki ya bi waɗanda ba Musulmi ba gida gida yana fasa musu tukwane ba. Abin da ya nema shi ne a hana su bayyana shan giya da makamantansa a tsakanin Musulmi, a kasuwa da wuraren taruwa, dalilinsa kuwa shi ne kada masu raunin hankali da yara su gani su kwaikwaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo wannan wasiƙa a cikin rubuce-rubucensa. Da aka yi jihadi a 1804, Katsina ta shiga hannun Malam Ummarun Dallaje wajen 1807, sai aka zauna kusan a kan wannan ƙa'ida. Maguzawa suka ci gaba da zama a gidajensu suna biyan jiziya, suna dafa abinsu a can, gari kuwa ya zama na goro. Fatake suna ɗauko goron nan tun daga Gwanja, tafiyar watanni, shi ne kuma ya tsaya wa Musulmi a matsayin abin karrama baƙo da abin shaidar ɗaurin aure. Ashe ke nan iyakar da aka shata ta wuri ce: ga inda ake sha, ga inda ba a sha, yaron gari kuma kada ya ƙetare. Sai dai maƙwabtaka ta fi ƙarfin iyaka. Makaɗa da maroƙa da mahauta da masu talla Musulmi duk sukan halarci bikin Maguzawa don neman abinci, 'yan talla kuwa yara ne.

Zuwan Turawa bai rushe wannan iyaka ba, sai ma ya ƙara mata wata. A taron da ƙasashen Turai suka yi a birnin Burasal a 1890, an yi alkawarin hana shigar da barasa mai ƙarfi cikin sassan Afirka inda ba a saba da ita ba. Da Gwamna Lugga ya kafa mulki a Arewa a 1900, sai ya sa ƙasar duka cikin yankin hani, dokar barasa ta 1917 kuma ta tabbatar da haka. Barasar da ake nufi ita ce irin jin ɗin da jiragen ruwa ke saukewa a Ikko, wadda ta ninka giyar dawa ƙarfi sau da yawa, ga ta a kwalba, ba ta tsami, ana iya ɓoye ta cikin riga. Giyar gargajiya kuwa aka bar ta a hannun En'e. Daga baya hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau ta ratsa Funtuwa cikin shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga, kuɗi suka shigo ƙauyukan Faskari da Sabuwa, baƙi suka zo da nasu al'adu. Aka fara yin giyar kwalba a Ikko a 1949, aka buɗe masana'antarta a Kaduna a 1963. Ita wannan ba ta bukatar gayya, ba ta bukatar dattijo ya raba. Duk saurayin da ya sayar da audugarsa yana iya saye ya sha ba da izinin kowa ba. Nan ne tsarin girma ya fara rauni.

Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta bi tsohon sawu. Ta ce Musulmin da ya sha abu mai sa maye, in ba don magani ba, ana iya ɗaure shi wata ɗaya ko a ci shi tarar fam 5, ga kuma bulalar haddi. Wanda ba Musulmi ba, ba a taɓa shi sai in ya yi maye ya dami jama'a. Watau ko a lokacin nan Bamaguje yana da ikon ya cika randunansa ranar auren 'yarsa.

Masu bincike sun tarar da al'adar da ranta. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, littafinsa ya fito a 1946. Murray Last kuma, mutumin Ingila, ya zauna a wani gidan Maguzawa a yankin Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, wajen farkon shekarun 1970. Amma a daidai lokacin nan abin ya riga ya fara juyawa, kuma ba alkali ne ya juya shi ba. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi rangadin kira zuwa Musulunci daga 1963 zuwa 1965, bayansa kuma masu wa'azi ba su fasa shiga ƙauyuka ba. A ɗaya gefen, 'yan mishan na S.I.M., da ikilisiyar E.C.W.A. da ta fito daga cikinsu a 1954, sun sami mabiya a cikin Maguzawan kudancin Katsina, su ma kuwa sun haramta wa mabiyansu giya. Bamaguje ya duba gabas ya duba yamma, duk ƙofar da zai shiga sai an ce ya ajiye ƙoƙonsa a waje.

Su wa suka fara shiga? Galibi matasa ne. Dattijon da ya shekara sittin yana yi wa iskokin gidansu yanka ba ya saurin sakewa. Amma ɗansa yana son fatauci, ya ga amana da bashi da masauki duk suna hannun Musulmi. Jikansa kuma, da aka buɗe makarantun firamare na kowa da kowa a 1976, ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan gari, ya ji ana yi masa gorin ɗan mashaya. Gorin yara kuwa ya fi bulala zafi. Yaran nan da suka yi tsaron tsiro, suka ɗebo ruwan dafuwa, suka kuma ga abin da ke faruwa in rana ta yi sanyi, su ne da aurensu ya zo suka ce a dama kunu, a sayo goro da alawa da lemon kwalba. A gidaje da yawa an yi zamanin da biki ɗaya ke da zama biyu: ango da abokansa a ƙofar gida ana addu'a, tsofaffi kuwa can bayan danga ƙarƙashin ɗorawa da 'yar tukunyarsu. Wadda ta fi kowa hasara a wannan canji ita ce uwar gida, don da ribar giya take sayen akuya da zane da kayan ɗakin 'yarta, ba ta jiran miji. Da tukunya ta mutu, sai ta koma ƙuli-ƙuli da daddawa, ribarsu kuwa ba ta kai ba.

An yanke Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka tsananta hana sayar da giya a fili. Amma kafin dokar ta iso, yawancin randunan biki sun riga sun koma na ruwa. Sauran gidajen gona da suka rage da tsohuwar al'ada, wani bala'i dabam ne ya auka musu. 'Yan bindiga suka mamaye dazuzzukan yamma, Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi shan wuya, har a watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kamar mako guda. Gidan da ke shi kaɗai a tsakiyar gona shi ne farkon abin hari, saboda haka mutane da yawa, Musulmi da Kirista da sauran Maguzawa, suka bar rumbunansu suka koma cikin gari, inda ake ɗaura aure da hantsi, a raba goro, kowa ya kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.