Gidan Mutum-mutumi na Ƙarƙashin Teku a Kankun

MUSA gidan baje kolin mutum-mutumi ne da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Kankun, ƙasar Meksiko. An kafa shi a 2009, kuma yana ɗauke da mutum-mutumi kimanin 500, yawancinsu aikin Jason deCaires Taylor ne, ɗan Birtaniya. Da simintin da ba ya cutar da halittun ruwa aka yi su, domin murjani ya tsiro a jikinsu, masu nutso kuma su rage cunkoso a kan murjanin asali. Masu suka na cewa siminti ba ya hana teku ɗumama. Haka ne, amma ɓarnar 'yan yawon buɗe ido aikin ya tunkara, kuma wanda ya ga murjani da idonsa ya fi saurin kare shi.