Malberi

Malberi bishiya ce mai 'ya'ya daga dangin ɓaure, wadda Carl Linnaeus ya sanya wa sunan kimiyya Morus a shekarar 1753. Fitattun nau'o'inta uku ne: fari daga ƙasar Sin, baƙi daga yankin Iran, da ja daga gabashin Arewacin Amurka. Ganyen farin malberi shi ne abincin tsutsar da ke samar da alharini, shi ya sa Sinawa suka shafe dubban shekaru suna nomansa. A maganin gargajiyar Sin, ana dafa ganyen da ɓawon saiwar don tari da zazzaɓi. Ganyen na ɗauke da wani sinadari mai rage saurin shigar sukari cikin jini. Ana cin 'ya'yan ɗanyu ko busassu, dabbobi kuma suna cin ganyen.